Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin 'Yan Agaji na Masallatan Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena da yayyena, shugabannin rundunonin agaji na Jama'atu Nasril Islam, da na Fityanul Islam, da na Izala, da sauran waɗanda ban ambata ba a birni da kewaye, ina gaishe ku da aiki, Allah ya saka muku da alheri. Ni ma'aikacin jinya ne, na daɗe a sashen da ake karɓar waɗanda aka kawo ranga-ranga a wani asibiti a nan Zariya. Roƙo ɗaya ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ina so ku wajabta wa duk yaron da zai sa kakin agaji ya koyi taimakon farko, koyo na hannu da hannu, sannan ku tura su su koyar da mutanen unguwanninsu. Na yi maganar a fili ne don ta shafi kowa, kuma na san ku manya ne, kun san gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ku na zaɓa saboda ban ga wata ƙungiya da ke da mutum a kowane lungu kamar ku ba. Ranar Juma'a kuna titi tun hantsi. Wurin tafsirin azumi, filin Idi, hawan Sallah a ƙofar fada, jana'iza, wa'azin ƙasa, duk inda jama'a suka taru ɗan agaji na tsaye cikin rana, babu albashi, babu ko kuɗin ruwa wani lokaci. Sannan kuna da abin da mu ma'aikatan lafiya ba mu da shi a kan titi, wato jama'a na jin maganarku. In ɗan agaji ya ɗaga hannu ya ce a ja da baya, ana ja. Wannan kwarjinin babbar dukiya ce, kuma a yanzu mafi yawansa a gyaran sahu da shirya wa motoci wurin tsayawa yake ƙarewa.

Ga lissafin da ke hana ni barci. Mutumin da numfashinsa ya tsaya, ƙwaƙwalwarsa na fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Wanda babbar jijiyar jini ta tsinke masa a cinya, jininsa na iya tsiyayewa cikin kimanin minti 5. To a ɗauko mutum daga Ƙofar Doka, a bi Tudun Wada, a ɓullo PZ, a sha cunkoson Kwangila, a ratsa Samaru kafin a isa asibitin koyarwa na Shika, minti nawa aka ci? Ko asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan ko na Wusasa da suka fi kusa da mutanen birni, kafin a tsayar da abin hawa a kai, waɗannan mintocin sun riga sun wuce. Zariya tana da manyan likitoci da garuruwa da yawa ke sha'awa, amma babu ɗayansu da ke bakin titi a lokacin da abin ke faruwa. Wanda ke wurin shi ne mai shayi, ɗan acaba, ɗan kamasho, da yaronku mai kaki. Abin da hannunsu ya yi kafin a iso wurinmu shi ke yanke yawancin hukuncin, da izinin Allah.

Mutanen Zazzau ba su da ƙarancin tausayi, wannan na shaida. In mota ta faɗi a hanyar Kaduna ko ta Kano, kafin ƙura ta lafa an cika wurin ana salati, kowa na son ya sa hannu. Matsalar ita ce abin da hannun ke yi. Akwai wani saurayi ɗan acaba da aka taɓa kawo mana cikin keke, an naɗe shi a kujerar baya, kansa na lilo a cinyar wani, ƙafafunsa na reto a waje. Rigarsa sharkaf da ruwan leda da aka yi ta kwara masa. Waɗanda suka kawo shi suka ce ai a wurin da ya faɗi yana motsa ƙafa, har yana ƙoƙarin tashi, su suka kama shi biyu a hannu biyu a ƙafa suka cusa a keken. Da muka tsikari tafin ƙafarsa bai ji komai ba. Ƙashin wuyansa ne ya tsage, ɗaukar da aka yi masa da jijjigar hanya suka ƙarasa lakar. Ya rayu, amma a kwance. Mutanen nan huɗu suna tsaye a baranda suna share gumi, suna jiran a ce musu sannu da ƙoƙari, kuma wallahi don Allah suka yi. Har yau in na tuna fuskokinsu nakan ji zuciyata ta yi nauyi, domin abin da ya kamata su sani bai fi a koya musu a yammaci ɗaya ba.

Abin da ya kamata shi ne, mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa ya riƙe kan da hannu biyu, daidai da gangar jiki, ya hana shi juyawa, yana yi masa magana. A samo abu shimfiɗaɗɗe mai ƙarfi, ƙyaure ko benci ko faffaɗan katako, a mirgina shi kai gaba ɗaya, kai da kafaɗa da ƙugu su tafi tare. A nemi a-kori-kura ko bas da za ta ɗauke shi a miƙe. In ba wuta ce ke shirin tashi ko wata motar ke tahowa ba, 'yan mintocin da za a ɓata wajen shirya ɗaukar sun fi gaggawar da za ta nakasa shi. Kuma kada a ɗura masa ruwa. Mutumin da hankalinsa ya gushe ba ya iya haɗiya, cikin huhunsa ruwan yake gangarawa, ga shi kuma watakila tiyata za a shiga da shi. Wanda ya suma amma yana numfashi, ta gefe ake kwantar da shi, a ɗan ɗaga haɓarsa, don amai ko jini ya zubo waje kada ya shaƙe shi.

Jini kuwa, abin da idanuna suka gani an tura cikin rauni ba ya lissafuwa: ƙasa, toka, man birki, baƙin mai, garin batir. Duk sai mun zauna mun kankare su mutum na ihu, bayan kwana kaɗan wurin ya ruɓe, wani ma ya kamu da tetanus, ciwon nan da ke sandarar da jiki ya ɗaure haƙora. Alhali maganin yana jikin kowa. A ninke ƙyalle mai tsabta, ko hula ko rawani ko mayafi, a ɗora a kan raunin a danne da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. In ya jiƙe a ƙara wani a kansa. In hannu ne ko ƙafa, jini na tsartuwa ya ƙi tsayawa, a ɗaure saman raunin da ƙyalle mai faɗi, a sa sanda a murɗa har ya tsaya, a riƙe lokacin da aka ɗaure a faɗa mana. Wuƙa ko ƙarfen da ya shige jiki ba a zare shi a titi. Na taɓa karɓar wani mahauci da wuƙa ta zame ta yanke shi a dantse, wani ɗan agaji ya danne wurin da hularsa tun daga kasuwa bai saki ba har ƙofarmu, yatsunsa sun sage. Da na tambaye shi inda ya koya, ya ce wani tsohon soja ne ya taɓa nuna musu a wurin fareti. Mahaucin nan yana nan yana sana'arsa.

Sai wanda ya yanke jiki ya faɗi a sahu, ba numfashi. Wannan a gabanku yake faruwa, a masallaci. Abin da aka saba shi ne a yi ta fifita, a yayyafa ruwa, can wani dattijo ya ce rai ya yi halinsa, a ja mayafi a rufe. Wasu daga cikin waɗanda ake rufewa da sauran damarsu. Ana kwantar da mutum rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa da ƙarfi yana lotsawa kimanin santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, ba tsayawa, in wani ya gaji wani ya karɓa, har a samu taimako. Ba kowa ke dawowa ba, gaskiya ce, rai na Allah ne. Amma wanda aka tsaya ana kallo babu abin da ya rage masa. Shi wannan ba a iya shi da karatu ko kallon bidiyo a waya. Kamar alwala ne, sai an yi a gaban mai koyarwa ya gyara maka hannu, an maimaita har jiki ya saba.

Yanzu bari in shiga cikin gida, inda kakinku ba ya kaiwa, kuma inda na fi ganin abin tausayi. Yaro ya faɗa kaskon suyar ƙosai, ko tukunyar ruwan zafi ta kife masa, ko gas ya tashi da uwar gida. Kafin a zo mana an shafe wurin da makilin, ko ɗanyen ƙwai, ko manja, ko gishiri. Waɗannan ba sa fitar da zafin daga cikin nama, ƙwayoyin cuta kawai suke shigarwa. Ruwa mai tsabta, mai sanyin randa ko na famfo, a yi ta kwarara wa wurin na tsawon minti 20, shi ne maganin farko. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, kada a fasa ƙurajen da suka ɗuri ruwa, kada a fizge tufar da ta manne, a rufe da abu mai tsabta a taho. In mai ne ya kama wuta a kasko, murfi ake kifawa, ruwa ƙara tayar da ita yake yi.

Yaro ya sha kalanzir da aka zuba a robar lemo, sai a danne shi a ɗura masa manja don ya yi amai. Kalanzir a ciki bai kai shi a huhu haɗari ba, kuma aman nan shi ke kai shi huhun. Haka in fiya-fiya ce ko maganin feshin gona, ba a sa amai, a ɗauko yaron da kwalbar abin da ya sha a taho. Yaro na zazzaɓi ya kama jijjiga, sai a tura masa cokali a baki har haƙori ya fita, a matsa masa albasa a ido, wasu har su kara ƙafarsa a wuta. Ba ya buƙatar ko ɗaya. A kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai buge shi, a rage masa tufafi, a kawo shi, musamman in abin ya wuce minti 5 bai lafa ba. Mai farfaɗiya ma haka, kuma don Allah a faɗa wa mutane yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon, a daina watsewa ana barin bawan Allah yana buga kai a bakin kwata ko kusa da murhu. Yaron da nama ko gyaɗa ta shaƙe, a sunkuyar da shi a bubbuga tsakanin kafaɗunsa da ƙarfi sau 5, kada a zura yatsa ana lalube a maƙogwaro.

Duk waɗannan a hannun mata suke faruwa, maigida yana kasuwa. Shi ya sa nake roƙon ku da ku haɗa kai da malaman Islamiyyun matan aure, a ware ko da rabin awa a mako, mace ma'aikaciyar lafiya ta zo ta nuna musu. Akwai su da yawa a unguwanninku, wasu ma ɗaliban Islamiyyun ne.

A nan akwai maganar da ta fi ƙarfina, sai malamai. Sau da yawa mace ce ke kwance a titi jini na zuba, maza sun kewaye ta, kowa na jin nauyin ya taɓa ta, ana cewa a nemo mace. Kun fi ni sanin hukuncin larura, ina roƙon ku sa limamai su bayyana shi a kan mumbari da Hausar da kowa zai gane, don kada kunya ta ci ran 'yar wani. Kuma tarihinmu ya riga ya share hanya. Rufaida al-Aslamiyya, Allah ya yarda da ita, tana da hema a masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, inda take jinyar waɗanda aka ji wa rauni, kuma can aka kai Sa'ad bin Mu'az bayan an harbe shi a yaƙin Khandaƙ. Wanda ya kawo koyon ɗaure rauni harabar masallaci bai kawo baƙon abu ba. Kusan kowane masallacin Juma'a a garin nan yana da makara a jingine, kuma daidai ne, haƙƙin mamaci ne. Ina so a samu akwatin agaji a kusa da ita, mai bandeji, auduga, filasta, almakashi da safar hannu ta roba, da katako ɗaya na ɗaukar wanda ya karye. Abin da za a tara a asusun Juma'a ɗaya ya isa a fara.

Wani ɓangaren aikin kuma na hana abin faruwa ne tun farko. Duk hunturu sai an kwana da kaskon gawayi a ɗaki an toshe ko'ina, ko a tayar da janareto a baranda ko cikin shago saboda ɓarayi. Iskar da ke fita daga cikinsu ba ta da wari, ba ta da launi, mutum na barci take ɗauke shi, da safe a ɓalle ƙofa a tarar da iyali guda. Guga ya faɗa rijiya, yaro ya shiga bai fito ba, yayansa ya bi shi, maƙwabci ya bi su, alhali gurɓatacciyar iskar ƙasan rijiyar ce ke sumar da su ɗaya bayan ɗaya. Da damina yara na wanka a kududdufai da Kubanni da Galma, in an tsamo yaro sai a kife shi ana matsa masa ciki, maimakon a hura masa iska a baki a danna ƙirji. Manoman ƙauyukanmu na Giwa da Soba in maciji ya sare su, sai a tsaga wurin, a tsotsa, a ɗaure tamau, a ɗora baƙin dutse. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, tsagar ƙara zubar da shi take. A hana ƙafar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da allurar dafin. Wanda lantarki ya kama, a kashe wutar tukuna ko a ture wayar da busasshiyar sanda, kada a cafke shi da hannu.

Tankar mai kuwa sai na ɗan tsaya a kanta, don muna kan babbar hanyar da suke bi dare da rana. A watan Oktoban 2024 tanka ta faɗi a Majiya ta jihar Jigawa, mutane suka fito da bokitai ɗibar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Bayan wata uku, a Janairun 2025, aka sake yin irin ta a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, gommai suka ƙone. Na san talauci ne ke tura mutane, ba na zagin kowa. Amma ranar da irin wannan ta faru a Kwangila ko Ɗan Magaji, Allah ya kiyaye, 'yan kwana-kwana ba za su riga jama'a isa ba. Yaranku ashirin da suka san cewa tururin fetur na bin ƙasa ya yi nisa, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi, za su iya yin shinge su kori mutane. Wannan aikin kun riga kun iya shi, sanin dalilin ne kawai za a ƙara.

Ba mu manta da ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023 ba, da wani sashe na babban masallacin birni ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Waɗanda suka fara tono mutane masallata ne da maƙwabta. Ya kamata kowace runduna ta zauna ta tambayi kanta: in abu ya faru a masallacinmu yana cike, ta wace ƙofa za a fitar da tsofaffi, wa zai buɗe hanya wa mota, wa zai duba wanda ya fi jin jiki a fara da shi? Wanda ke ihu yana numfashi, wanda ya yi shiru shi ake fara dubawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san abin da ke sa wasu noƙewa, tsoron kada a kai mutum asibiti a riƙe wanda ya kawo shi, ko a ce sai an zo da takardar 'yan sanda. Tsoron yana da asali. Amma ku sanar da yaranku cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar agajin gaggawa, kuma dokar 2017 ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani ko da babu takardar 'yan sanda, ta kuma ce a mutunta wanda ya taimaka ya kawo shi. Ku shugabanni kuna da bakin da za ku zauna da manyan 'yan sandan yankinku da shugabannin asibitoci a fahimci juna kan wannan, yaro mai kaki da katin shaida ya san yana da mai tsaya masa. Ku kuma hore su da hana masu ɗaga waya suna ɗaukar hoton wanda ke kwance cikin jini, uwa ta ga ɗanta a Facebook kafin a zo mata da labari. Wayar nan a kira 112 da ita, ko 122 ta hukumar kiyaye haɗurra.

Masu koyarwa ba su yi mana wuya ba. Ga likitoci da malaman jinya na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ga ƙungiyar Red Cross da wannan ne aikinta, ga jami'an kiyaye haɗurra, ga 'yan kwana-kwana. Na tabbata in takarda ta fito daga hannunku, da sa albarkar Mai Martaba Sarkin Zazzau, za a samu masu zuwa. Na san wasu rundunonin sun riga sun fara, ana koyar da wani abu a sansanin horo, Allah ya ƙara musu ƙarfi. Abin da nake nema shi ne ya zama sharaɗi ga kowa, a riƙa sabunta shi duk shekara, don hannu na mantuwa. Ku zaɓi mutum biyu daga kowace runduna su fara, su koma su koyar da sauran a ranar fareti, rabin lokaci a taka sawu, rabi a durƙusa a ƙasa ana gwada ɗaure rauni da ɗaukar wanda ya karye. Bayan nan a gayyato 'yan acaba da masu keke da 'yan tasha, da malaman makarantun allo da ke riƙe da yara masu yawa.

Ina roƙon ku sa wannan magana cikin abin da za ku tattauna a zamanku na gaba, a tsayar da ranar horon farko kafin a buɗe tafsirin azumi mai zuwa. Ni da wasu abokan aikina mun yi shawara, a shirye muke mu zo ranakun da ba mu da aiki, kyauta, duk masallacin da aka kira mu. Tabarmi kawai za ku tanada da wurin da mutum ashirin za su durƙusa.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku kuma ƙaninku,
Wani ma'aikacin jinya,
Tudun Wada, Zariya.